Na amsa kira, an ɗauke ni makarantar tauhidi, amma ba kuɗi: in nemi taimako ko in jira?

Bitrus_Malamin_Aji:
Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfin shiru.

Shekarata 31, malamin firamare ne ni a kudancin jihar Katsina. Ina da mata da yaro ɗaya, ga kuma juna biyu wata shida. Shekara huɗu ke nan ina bin 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu fita wa'azin bishara, zuwa wata unguwar Maguzawa da ke ƙetaren rafi. Yanzu gida tara ne suka ba da gaskiya a can. Ba su da ɗakin sujada, gindin wata ɗorawa muke zama a kan turame da tabarmi, kuma ba mai koya musu sai ni, ran Lahadi da yamma. Kwanaki wani tsoho a cikinsu ya riƙe hannuna bayan addu'a ya ce, "Malam, iyayena da suka mutu ba su taɓa jin wannan labari ba, ina suke yanzu?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Na nemi wata makarantar tauhidi a Jos, na rubuta jarrabawa, an ɗauke ni karatun shekara huɗu. Dattawanmu sun rubuta mini takardar shaida da farin ciki, amma sun gaya mini gaskiya cewa asusu ba komai, don iska ta yaye rufin majami'a da damina, har yau ana bin su bashin kwano. In na tafi, albashi ya tsaya. To, in buga wasiƙa in bi 'yan'uwa da ikilisiyoyi ina neman taimako, ko kuwa bara ce wannan? Ko rashin kuɗin ne alamar lokaci bai yi ba? Ku ba ni shawara don Allah.

Hannatu_Zonkwa:
Allah ya ƙarfafa ka ɗan'uwa. Labarin tsohon nan ya sa ni hawaye. Muna tare da kai cikin addu'a.

Wutar_Bishara:
Ɗan'uwa Bitrus, tashi ka tafi! Wanda ya kira ka shi zai biya. Ka tuna yadda bishara ta shigo mana: a 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko ba wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Da sun tsaya lissafin kuɗi da yau ba ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikinsu. Ishaya bai tambayi albashi ba kafin ya ce a aike shi.

Dattijo_Yohanna_K:
Wutar_Bishara, ɗana, ka ba da rabin labari. Gowans da Kent duk sun rasu a 1894, cikin kusan shekara guda da saukarsu, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Sai da ya zauna ya tara mutanen da za su tsaya bayan aikin da addu'a da aljihunsu, sa'an nan aka iya kafa tashar farko a Patigi a 1902. Ba na raina bangaskiyarsu, a kan jininsu muke tsaye. Amma darasin da shi kansa Bingham ya ɗauka shi ne mai tafiya yana bukatar masu aike. Ubangiji da bakinsa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Yaron nan yana da mace mai ciki. Kada mu zuga shi daga nan inda muke zaune cikin inuwa.

Wutar_Bishara:
Na karɓi gyara Baba. Amma dai ina tsoron lissafin da ba ya ƙarewa. Na san mutane uku da suka ce sai shekara mai zuwa, yau furfura ta fito musu.

Rabaran_Ishaku:
Ɗana Bitrus, tambaya ɗaya kafin maganar kuɗi: me matarka ta ce? Ba abin da ta ce a gaban dattawa ba, abin da ta ce da dare ku biyu.

A kan ko bara ce, a'a, ba bara ba ce, in an bi ta hanyarta. Ka duba Ayyukan Manzanni sura 13. Ruhu Mai Tsarki bai yi wa Barnaba da Shawulu raɗa a ɓoye su sulale ba, ikilisiyar Antakiya ya yi wa magana, su suka yi azumi, suka ɗora musu hannu, suka sallame su. Bulus kuma bai ji kunyar gode wa Filibiyawa ba da suka yi ta aika masa da gudummawa har Tasalonika. Kira na mutum ɗaya ne, aike kuwa na jama'a ne. Abin da nake so ka gane shi ne, takardar shaidar da dattawanka suka sa wa hannu ba ƙarshen aikinsu ba ne. Sun shaida Allah ya kira ka, to nauyi ya hau kansu. Ba su da kuɗi, na yarda. Amma suna da baki, suna da ƙafa. Wasiƙar neman taimakon nan kada ta fita da sunanka kai kaɗai. Ta fita da hatimin ikilisiya, da sa hannun fasto da magatakarda, kuɗin kuma su shiga asusun ikilisiya ko na makarantar kai tsaye, ba aljihunka ba. Wannan zai tsare sunanka, ya kuma kwantar da hankalin mai bayarwa.

Ladi_Mai_Kwaya:
Baba Rabaran kun faɗi abin da ke raina. Ni an taɓa cuta ta. Wani ya zo majami'armu da takardar shiga makaranta, ya yi shaida har mata suna kuka, aka yi masa baiko na musamman. Daga baya muka ji ya zaga ikilisiya wajen shida da takardar nan, makarantar kuwa ba su taɓa ganinsa ba. Tun daga nan in ba ta hannun ikilisiya ba, ba na ba da ko sisi. Ba da kai nake ba ɗan'uwa Bitrus, amma ka san irin waɗannan sun ɓata wa masu gaskiya hanya.

Bitrus_Malamin_Aji:
Na gode Baba Rabaran, na gode 'yar'uwa Ladi, ban ji haushi ba ko kaɗan. Baba, gaskiyar magana matata ta ce ta yarda Allah ne ya kira ni, don ita ce ke ganin yadda nake juyi a kan gado. Amma ta ce tana tsoron haihuwa a garin da ba ta da kowa, kuma ta tambaye ni me za mu ci. Ban iya ba ta amsa ba.

Mama_Saratu_Gombe:
To bari in yi magana a matsayin wadda ta sha wannan ruwan. Maigidana ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki muna da yara biyu. Ɗaki ɗaya aka ba mu a rukunin masu iyali, muka raba shi da labule. Da asuba ina suyar ƙosai a bakin ƙofar makaranta, da hantsi in wanke hannu in tafi ajin matan ɗalibai, inda aka koya mana Littafi da ɗinki da yadda ake bi da mata a ikilisiya. Akwai ranar da tukunya ba ta hau wuta ba sai da yamma, da wata maƙwabciya 'yar Adamawa ta turo mini kwanon gari ba tare da na roƙa ba. Ban yi da-na-sani ba, shekara 26 ke nan muna cikin aikin. Amma ina gaya muku, maza su kan ji kira su manta cewa mace ce za ta auna hatsin kiran da mudu.

Ɗana, tambayar matarka ba rashin bangaskiya ba ce. Kada ka bari kowa ya sa ta ji kamar ita ce ta tare wa Allah hanya. Ka nemi makarantar su ɗage maka shiga zuwa baɗi, ana yin haka. Ta haihu a gaban uwarta, ka noma gonarka ka ajiye masara, sa'an nan ku tafi da abincinku. Ɗalibin da ya zo da buhunan hatsinsa ya rage rabin damuwa.

Kuma kada ka raina Zumuntar Mata. Mu ba mu da miliyoyi, amma mudu-mudu muke tarawa, kuma in muka ɗauki ɗa ba ma yar da shi a hanya.

Dan_Kwarhi:
Mama Saratu kun tuna mini da mahaifina. A Kulp ya yi karatu, makarantarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi kusa da Mubi. A zamaninsu ana ba ɗalibi fili ya noma, da safe aji da yamma gona, shi ya sa fastocinmu na da ba su jin tsoron a tura su ƙauye. Da Boko Haram suka shiga Kwarhi a watan Oktoba 2014 kowa ya watse, hedkwatarmu ma sai da ta koma Jos na wani lokaci. Na san ɗaliban da suka fita da rigar jikinsu kawai, littattafan da suka yi shekaru suna tarawa suka salwanta, amma da ƙura ta lafa suka koma suka ƙarasa. Abin da zan ce wa Bitrus, ka san aikin da kake shiga a Arewa. Ba maganar kuɗin makaranta kaɗai ba ce.

Injiniya_Dauda:
Ni tambayata ta daban ce, ku yi haƙuri. Dole ne sai ya ajiye aiki? Bulus ɗinkin alfarwa yake yi tare da Akila da Bilkisu a Koranti, yana wa'azi ran Asabar. Malamin makaranta yana da dogon hutu, kuma makarantun tauhidi da dama suna da shirin karatu na lokacin hutu saboda irinsu. Akwai kuma karatun tauhidi daga gida, wanda ake ba ka littattafai kuna haɗuwa da malami lokaci-lokaci. Zai ɗauki shekaru fiye da huɗu, amma albashi na shigowa. In ma ya nace sai na cikakken lokaci, ya fara neman hutun karatu daga hukumar ilimin firamare ko da ba albashi, kada ya rubuta takardar barin aiki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma. Mutanen da za su yi maka alkawari yau, su ma da ƙyar suke kai ƙarshen wata.

Hannatu_Zonkwa:
Wannan shawara ta Injiniya ta kwanta mini.

Fasto_Markus_B:
Injiniya, shawararka mai kyau ce ga wasu, amma bari in faɗi abin da ake rasawa. Ni na yi TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru. Makarantar nan tun 1959 take koyarwa, ikilisiyoyin TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya) ne suka haɗu suka kafa ta, don haka a aji ɗaya za ka zauna da ɗan COCIN, da ɗan LCCN daga Numan, da ɗan EYN, da Tibi daga Binuwai. Rabin abin da na koya ba a allo na koye shi ba. A gardamar dare na koye shi, da sujadar safe, da zama da wanda baftismarsa ta bambanta da tawa amma na ga Almasihu a rayuwarsa. Ga ɗakin karatu, ga Helenanci da Ibrananci waɗanda ba a koyonsu a guje cikin mako shida. Tambayar da tsohon nan ya yi wa Bitrus, masana sun yi ɗaruruwan shekaru suna kokawa da ita. Wanda zai tsaya gaban irin waɗannan tambayoyi har ƙarshen ransa ya cancanci a ba shi lokaci ya nutsu.

Injiniya_Dauda:
Ban musa ba Fasto. Amma wa ya biya maka naka?

Fasto_Markus_B:
Majalisar yankinmu ta biya kuɗin makaranta, yayana ya ɗauki abinci, wata gwauruwa a ikilisiyarmu kuma ta ɗauki sabulu da kananzir, duk wata ba fashi har na gama. Ranar da aka keɓe ni tana zaune a layin gaba. Shi ya sa nake cewa a rarraba nauyin. Kada ka nemi mutum ɗaya mai kuɗi ya ɗauke ka gaba ɗaya. Ran da ransa ya ɓaci karatunka ya tsaya, in kuwa ka gama, bakinka ba zai iya gaya masa gaskiya daga bagade ba.

Emmanuel_Kafanchan:
A wurinmu Katolika tsarin daban ne. In bishop ya karɓe ka, dayosis ce ke ɗaukar nauyin karatunka a babbar seminari, kamar Saint Augustine da ke Jos, kuma jama'a na ba da gudummawa musamman domin wannan. Sai dai shekarun suna da yawa, falsafa sa'an nan tauhidi, ba aure kuma, inda aka tura ka nan za ka. Ban kawo wannan don gasa ba. Ina mamaki ne kawai yadda ikilisiya za ta ce tana bukatar makiyaya amma ta bar saurayi yana yawo da wasiƙa.

Rabaran_Ishaku:
Ɗan'uwa Emmanuel, maganarka akwai zafi amma akwai gaskiya. Mu kan yi baikon gini, baikon mota, baikon kayan kiɗa, ba kasafai mu kan yi baikon gina mutum ba. Laifinmu ne mu shugabanni, har da ni.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Kirista kaɗan ne ƙwarai, ikilisiyoyinmu ƙanana, amma akwai makarantar Littafi Mai Tsarki a Aguié inda ake koyarwa da Hausa, mutum ya zo da iyalinsa. Abin da ya ja hankalina a zancen Bitrus shi ne mutanensa Hausa suke ji. In ya yi shekara huɗu yana karatu da Turanci, da wane harshe zai amsa wa tsohon? Na ga waɗanda suka dawo da babbar takarda, in suka hau wa'azi rabin maganarsu tsofaffi ba sa kamawa.

Talatu_Tofa:
Ɗan'uwa Issoufou ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kakana a makarantar Tofa ta jihar Kano ya yi karatu da Hausa zalla, bai san Turanci ba, amma ƙauyukan da ya kafa sujada a cikinsu suna nan har gobe. Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932. Abin da ke ba ni tsoro, yaranmu in suka sami digiri sai birni ya riƙe su. Ikilisiyar gari mai ba da gida da mota ta kira su, mutanen gindin ɗorawa kuma a manta da su.

Fasto_Markus_B:
Wannan ba laifin ilimi ba ne 'yar'uwa Talatu, laifin zuciya ne. Wanda ya fahimci abu sosai shi ya fi iya faɗinsa da sauƙin Hausa. Byang Kato ɗan Kwoi ne, daga makarantar Igbaja ya fara har ya kai digirin digirgir a Amurka, bai kuwa juya wa Afirka baya ba, yana kan yi mata hidima ya rasu a 1975. Muna bukatar masu zurfin karatu daga cikin Hausawa su ma, waɗanda za su rubuta mana littattafai da harshenmu.

Talatu_Tofa:
Na yarda Fasto. To a sa shi ya yi alkawari a rubuce cewa zai dawo ya yi wa yankinsa hidima ko da shekara biyar ce. Ni in na ga wannan a wasiƙar, zan sa hannu a aljihu.

Ladi_Mai_Kwaya:
Ni ma haka. Kuma duk ƙarshen zango ya aiko wa masu taimakonsa da sakamakonsa da rasit. Ba rashin yarda ba ne, hakkinsu ne.

Sunday_Tudun_Wada:
Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba a so. Fastoci sun yi yawa a gari, wasu sun gama makaranta shekara da shekaru ba a ba su ikilisiya ba, suna acaɓa. Malaman firamare Kirista masu tsoron Allah kuwa su ne ba su da yawa a ƙauyukanmu. Wa ya ce allo da alli ba bagade ba ne? Yaran da Bitrus ke koya wa karatu, su ne gobe za su iya buɗe Littafi su karanta da kansu. Ina jin tsoron mun mai da kira ya zama sai an sa farin kwala.

Dattijo_Yohanna_K:
Sunday, a gari suka yi yawa. Je ka tambayi EMS, sashen aikin bishara na ECWA, ko masu aikin bishara na kowace ikilisiya ko ma'aikata sun ishe su a filin daga. Amma maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma shi Bitrus ne kaɗai zai iya amsa ta tsakaninsa da Allah.

Bitrus_Malamin_Aji:
Iyayena da 'yan'uwana, na karanta duka, wasu har sau uku. Ɗan'uwa Sunday, na yi wa kaina wannan tambaya shekara biyu. Ina son aji, ina son yarana. Ba kwala nake nema ba. Amma duk ran Lahadi in na juya babur zan bar mutanen nan, sai in ji kamar na bar jariri a bakin hanya. Alkawarin da 'yar'uwa Talatu ta ce, a shirye nake in sa hannu, don dama saboda su zan tafi.

Jiya na karanta wa matata abin da Mama Saratu ta rubuta. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe akwai wadda ta san abin da nake ji." Mun yi addu'a tare, abin da muka kwana biyu ba mu yi ba a kan zancen nan. Gobe zan kira makarantar in tambaya ko za su ɗage mini zuwa baɗi, zan kuma tambayi shirin lokacin hutu kamar yadda Injiniya ya ce, in ji duka biyun. Ran Asabar dattawa suna da zama, na roƙi fastonmu ya ba ni minti goma.

Wutar_Bishara:
Baɗi dai? Ina roƙon Allah kada baɗin nan ta zama baɗin baɗaɗa. Amma ina tare da kai, in wasiƙar ta fito a sa ni a ciki.

Mama_Saratu_Gombe:
Ka gaishe mini da 'yata. Ka ce mata ta fara koyon wata sana'ar hannu tun yanzu in ba ta da ita, ko saƙa ko yin sabulu, za ta gode mini. Wace wata ce haihuwar?

Rabaran_Ishaku:
Ɗana, in ka shiga gaban dattawa kada ka fara da kuɗi. Ka fara da gida taran nan. Ka roƙi biyu daga cikinsu su hau babur su bi ka ran Lahadi su gani da idonsu, su zauna a kan turmin nan su ma. Sa'an nan akwai abin da duk muka tsallake a zauren nan, har da ni: ko bana ka tafi ko baɗi, wa zai riƙa zuwa musu shekara huɗun da ba ka nan? Akwai wanda ka fara koya wa?

Bitrus_Malamin_Aji:
Mama, watan Maris in Allah ya yarda. Baba Rabaran, akwai wani saurayi a cikinsu, jikan tsohon nan ne ma. Ya iya karatun Hausa, shi ke karanta mana nassi in na zo. Sai dai ba a yi masa baftisma ba tukuna, kuma da rani yakan tafi ci-rani Kaduna.

Issoufou_Maradi:
To ka fara da shi tun wannan Lahadin, kafin rani ya ɗauke shi. Yana da Littafi nasa na kansa, ko naka yake karantawa?